Wankan Ƙahon Rago

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin ajiya na gidan adana tsofaffin duwatsu, ban taɓa toshe hanci ba sai da aka kawo mana sabon shugaba. Kafin zuwansa ɗakin ba ya komai sai ƙamshin takarda da busasshen katako. Aikina shi ne kula da ƙahonin rago. Haka Babana yake kiran su saboda yadda suke a naɗe, masana kuwa suna ce musu amonait. Wasu halittun teku ne masu hannaye da yawa a bakin kwanso, sun rayu sun ƙare tun ba a san za a yi mutum ba. Naman ya tafi, kwanson ya zama dutse, da ɗakunansa na ciki jere ɗaya bayan ɗaya. In yara 'yan makaranta suka ce katantanwa ce ba na jin haushi, in babba ya faɗa ne nake ji.

Kusan duk abin da ke ɗakin nan Baba ne ya tono shi. Asalinsa mai fasa dutse ne a ramin da ake haƙar dutsen siminti. Wata rana gudumarsa ta raba wani dutse biyu, ya ga abu a naɗe yana ƙyalli, daga nan ya kamu. Shekara arba'in yana tattara su. Kowanne ya samu sai ya yanki 'yar takarda ya rubuta ramin da ya fito, da zurfinsa, da launin shimfiɗar dutsen da ke sama da ta ƙasa, da wani rubutu nasa mai kama da tafiyar tururuwa. Daga baya gidan ya karɓi duwatsun, ya ɗauke shi aiki. Da ciwon yanar ido ya rufe masa ido biyu, makullan suka dawo hannuna, ni autarsa.

Dokar Baba ɗaya ce, tun ina ƙarama nake jin ta. Ruwa ba ya taɓa masu tagulla. Cikin ƙahonin akwai waɗanda ba farin dutse suka zama ba, wani ma'adini ne mai ƙyalli kamar tagulla ya maye gurbin kwansonsu. Su ne mafi kyau, su ne kuma mafi rauni. In laima ta shige su sai su soma ruɓewa daga ciki, su yi gari, su fitar da wani ruwa mai cin takarda da katako. Shi ya sa muke ajiye su cikin gwangwanaye masu murfi, da 'yan ƙunshin maganin tsotse laima, kuma da busasshen buroshi kaɗai ake share su. Ko atishawa Baba ba ya bari a yi a kansu.

Sabon shugaban namu daga otal aka ɗauko shi, can ya yi manaja shekara da shekaru. Mai Turare muke kiransa a bayan idonsa, don kafin ka gan shi hancinka ya riga ya gaisa da shi, in ya fita kuma sai an buɗe taga. Ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Mutum ne da ya yi imani har zuciyarsa cewa duk abin da baƙo zai gani sai ya yi sheƙi. Ranar da ya fara shiga ɗakina ya goga yatsa a kan wani ƙaho mai shekara miliyan ɗari da wani abu, ya duba yatsan, ya yamutsa fuska, ya tambaye ni yaushe rabon da a wanke waɗannan. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi ta gyaɗa kai yana duba agogo.

Ana haka asibitin ido ya ba Baba rana, bayan jiran wata tara. Asibitin a wani gari yake, kwana uku za a yi, kuma ba sa karɓar tsoho sai da ɗan'uwan da zai zauna da shi. Mahaifiyarmu ta rasu, Yayana yana aiki a ƙasar waje, babu kowa sai ni. Na je neman izini. Mai Turare ya ce babu komai, Allah ya ba da lafiya, amma dokarsa tun a otal ita ce wanda zai tafi hutu ya ajiye makullai a kan teburinsa. A makon kuwa ake jiran wasu manyan baƙi. Na dubi fuskarsa na san abin da ke ransa, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe a kan kwali cewa kada ruwa ya taɓa komai a ɗakin nan, na manna a ƙofa, na sake gaya masa da baki. Ya ce, "Haba, ki kwantar da hankalinki." Na ajiye masa makullin ɗaki. Ƙaramin makullin kabad ɗin ƙarfe da ke lungu, wanda bai san da shi ba, na bar shi a ƙasan jakata.

An yi wa Baba aikin idon dama lafiya. Da aka cire bandeji washegari ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce ashe na yi furfura ban gaya masa ba. Na yi dariya, na yi kuka. A hanyar dawowa ya karanta mini duk wani allo da muka wuce, har na masu faci. Likita ya ce mako shida ba shiga ƙura, bayan wata biyu a dawo a yi idon hagu. Baba ya ce zai yi haƙuri, amma ranar da mako shida ya cika in kai shi ya ga Babban Rago. Wannan shi ne na farkon da gudumarsa ta buɗe, faɗinsa ya kai faranti, tagulla ne tun daga cibiya har baki. Shekara shida rabon da ya gan shi, sai dai ya shafa.

Da na koma aiki, tun daga baranda na ga alamar. Robobin wanki uku a kife, da kumfar sabulu da ta bushe a kan siminti, ruwan toka-toka ya bi ta kwata ya bar layi. Kwalina yana nan a ƙofa, ba wanda ya ko cire shi. A ciki an jera ƙahonin a kan tebura, manya da ƙanana, farare da masu tagulla duk a cakuɗe, suna maiƙo. Na ɗauki ɗaya, ya yi santsi a hannuna. Na sunsuna. Man goge daɓe ne, mai ƙamshin lemo.

Iya mai shara ta same ni a tsaye. Dattijuwa ce, ta san Baba tun yana da ƙarfinsa. Ba ta iya haɗa ido da ni ba. Ta ce ta gaya wa Yallaɓai an hana, ya tambaye ta tsakanin shi da kwali wa ke biyan ta albashi. Ita da sauran ma'aikata sun jiƙa ƙahonin kwana ɗaya a ruwan sabulu da bilic don dattin ya saki, suka dirje da soson ƙarfe, suka shanya awa biyu, da ya ga lokaci na ƙurewa ya ce a shafe su da mai hakanan ko ba su gama bushewa ba. Na tambaye ta takardun. Ta nuna mini bayan gini da haɓarta.

A cikin durom ɗin shara na same su. An zuba sauran abincin ma'aikata na kwana uku a kai, ruwan sama ya bi ya daka, ƙudaje sun yi baƙi. Na naɗe hannun riga na cusa hannu har gwiwa. Abin da nake damƙowa yana narkewa tsakanin yatsuna, takarda da romo da tsutsa duk sun zama abu ɗaya. Cikin ɗari shida da wani abu, goma sha huɗu na fitar da ake iya karantawa, su ma ban san na wane dutse ba ne tun da an raba su. Ƙaho ba tare da takardarsa ba dutse ne kawai, kowa na iya tsintar irinsa a kasuwa. Na yi amai a gindin durom ɗin, na goge bakina da bayan hannu, na wuce ofis a haka.

Mai Turare ya ja kujera baya da ya ga hannuna, ya zaro hankici ya rufe hanci. Na gaya masa abin da ya yi, ban rage komai ba, na ce wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ya ce in yi magana da ladabi. Takardun nan, in ji shi, duk kashin kyankyaso ne, babu baƙon da za a nuna wa su, kuma ya sa an buga sababbi masu tsabta. Ya miƙo mini ɗaya, an lulluɓe ta da leda mai sheƙi, an rubuta Dutsen Tarihi Na 47. Ya ce duwatsun nan ba a teku na ce sun rayu ba, to yaushe abin teku ya fara tsoron ruwa? Har ya yi dariya, don a ganinsa ya kama ni.

Baƙin sun zo washegari. Sun yi minti ashirin, suka ɗauki hotuna sun juya wa duwatsun baya, suka yaba tsabtar wurin. Aka sa Babban Rago a akwatin gilashi a tsakiyar zaure, da fitila a kansa. In faɗi gaskiya, ranar ya yi kyau fiye da duk yadda na taɓa ganin sa, amma na san abin da ke kwance a ƙarƙashin man.

Na yi abin da zan iya. Na goge man da ƙyalle, na jera su kusa da fanka, na sayi maganin tsotse laima da kuɗina na cika gwangwanaye. Ihu ne bayan hari. Man ya riga ya toshe 'yan ƙofofin jikinsu, ruwan yana ciki ba hanyar fita. A mako na biyu ƙananan suka fara fitar da wani farin gashi-gashi a tsakanin haƙarƙarinsu. A na uku ya koma rawaya, suka soma tsagewa, kwalin da ke ƙarƙashinsu ya yi baƙi ya huje. Sai warin ya taso. Wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da aka zuba wa tsatsa, yana kama maƙogwaro, yana bin tufafi. Ina wanka sau biyu in na koma gida, duk da haka ina jin ɗanɗanonsa a harshena in na zauna cin abinci.

Maganin Mai Turare shi ne ya sayo kwali guda na turaren fesawa a ɗaki, ya ce Iya ta riƙa fesawa safe da rana. Ban taɓa jin abu mai tayar da hankali irin gamin nan ba, furen roba a kan ruɓa. Masu ziyara suna shigowa su yi zagaye ɗaya su fice. Shi kuwa ya sa aka kira mai gyaran famfo har sau biyu, wai masai ne ya toshe.

A gida Baba yana ƙirga kwanaki a kalanda, yana soke kowace rana da biro da hannunsa, yana jin daɗin ganin layin da ya ja. Kullum sai ya tambaye ni Babban Rago, kullum in ce yana nan. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, na tsani kaina a kan duka biyun. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa, sai in gan shi yana zura zare a allura don kawai ya nuna mini ya iya, in haɗiye maganar. Wata rana ya kama gefen mayafina ya sunsuna, ya sake shi.

Ranar da mako shida ya cika ya sa rigarsa mai kyau da baƙin tabarau da likita ya ba shi. A bakin zaure ya tsaya cak. Na ga hancinsa ya motsa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gadin abin nan daga laima ba ya bukatar a gaya masa, turaren ma bai ruɗe shi ba. Ya cire tabaran ya ninke ya sa a aljihu, ya taka har gaban akwatin gilashin. Babban Rago ya kumbura, ya dare gida uku daga cibiya. Inda tagulla take sai ɓawo mai launin toka da rawaya, wani ruwa mai kauri ya tsatso ya ci jan ƙyallen da aka shimfiɗa masa, gilashin ya yi gumi daga ciki. Sabuwar takardar mai leda ce kaɗai ba abin da ya same ta. Dutsen Tarihi Na 1.

Ya ce in buɗe. Na buɗe, warin ya buge mu, Iya da ke shara a gefe ta ja baya tana tari. Baba ya sa hannu biyu a ƙarƙashinsa yadda ya saba ɗaukar sa. Gefen ya biyo hannunsa, tsakiyar ta zauna, sauran ya zube ta tsakanin yatsunsa ya ɓata masa gaban riga. Ya ɗaga abin da ya rage kusa da sabon idonsa yana juyawa. Ana iya ganin ɗakuna biyu na ciki, su ma da ya taɓa da babban yatsa suka rushe.

"Wanke su aka yi," ya ce.

Na ce e.

"Kina ina?"

Na ce ina asibiti tare da shi. Ya juyo ya dube ni da idon da aka gyara, wanda yanzu ba abin da ke ɓoye masa, na ga ya haɗa lissafin da kansa, makulli da kwana uku da ido. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya tambayi takardun, na gaya masa inda na same su. Ya gyaɗa kai kawai, ya nemi tsumma ya goge hannu.

Na kai shi ɗakin ajiya, na rufe ƙofa, na zaro ƙaramin makullin na buɗe kabad ɗin ƙarfe. Gwangwani talatin da biyu, ƙananan masu tagulla ɗari biyu da ya jera bisa zurfin ramin da suka fito, tun daga na ƙasa har na sama, kowanne da takardarsa a gefe. Ruwa bai gan su ba. Ya buɗe gwangwani ɗaya, suka yi ƙyalli a bushe. Ya ɗauki takarda ya karanta rubutunsa da ƙarfi, rami na uku, kamu tara, ƙarƙashin baƙar shimfiɗa.

Ƙamshin ne ya riga shi shigowa, kamar kullum. Mai Turare ya turo ƙofa ya gaida Baba da fara'a, har da rusunawa, ya ce ya daɗe yana jin labarinsa, ya yi masa barka da samun lafiya. Bai ga garin da ke gaban rigar Baba ba, ko ya gani ya ɗauka dattin tsufa ne. Idonsa ya sauka a kan kabad ɗin. Fuskarsa ta washe. Ya ce ashe akwai wasu, kuma ga su duk ƙura, daidai lokacin da na zaure suka fara lalacewa, da ma can bai yarda da ingancinsu ba. Akwai wasu baƙin a ƙarshen wata. Sai ya juyo gare ni ya ce ya ga takardar neman izinina ta aikin ido na biyu, ya amince, in dai tuna da doka, wannan karon har da ƙaramin makullin nan. Ya yi wa Baba fatan alheri ya fita.

Na tsaya ina jin kamar in bi shi in tura kansa cikin durom ɗin nan. Na fara lissafi da ƙarfi, in kwashe su in kai gida, amma mai gadi yana bincika jaka, sata za a kira ta. In kai ƙara sama, waɗanda suka ɗauko shi su ne suka yaba tsabtarsa. In roƙi asibiti su ɗaga rana, wani wata taran ne ko fiye, kuma in ya cika dokar makulli tana nan. Baba bai saurare ni ba. Ya mayar da takardar gefen dutsenta, ya danne murfin gwangwanin da tafin hannu har ya ji ya kama, ya mayar da shi gurbinsa, ya rufe kabad ɗin ya murɗa makulli da kansa.

Ya kama hannuna ya sa makullin a ciki, ya naɗe yatsuna a kai. Hannunsa har yanzu yana warin Babban Rago.

"Auta, je ki karɓo takardar izinin nan ki yaga."

Na ce Baba, idon hagun fa?

"Wanda aka buɗe ya ga abin da ya ishe shi," ya ce. "Ki bar ɗayan a rufe."

Ya zaro tabaransa ya mayar. A zaure na ji Iya ta fara feshin rana.